Garken Nan Na Wane Ne?

A garuruwanmu na Arewa, in baƙo ya sauka yana neman inda zai yi sujada ranar Lahadi, da wuya a kwatanta masa majami'a da sunan da ke rubuce a allonta. Sai dai a ce masa, "je ka cocin Rabaran wane," ko "ga cocin mutanenku can bayan kasuwa," ko kuma "cocin da wane ya gina." Ba wanda ke nufin mugunta da wannan magana, haka bakinmu ya saba. Amma abin da baki ya saba faɗa, zuciya ta riga ta amince da shi. Mun yarda, ko da ba mu furta ba, cewa ikilisiya tana da mai ita a cikinmu: ko fasto, ko ƙabila, ko mai kuɗi. Ra'ayina shi ne Littafi Mai Tsarki ya toshe wannan hanya tun farko, kuma da misalai ya toshe ta.

Sabon Alkawari bai tsaya ya bayyana ikilisiya a jimla ɗaya da za a haddace ba. Misalai ya zuba mana. Wani malamin tauhidi Ba'amurke, Paul Minear, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a littafin da ya fitar a 1960, ya ƙirga 96. Galibin manyan mun san su tun makarantar Lahadi: garke, jiki, amarya, haikali, gona, rassan itacen inabi, iyalin gida, gishiri, fitila, baƙi masu wucewa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, a cikin manyan misalan nan, babban matsayin an riga an cike shi. Garke yana da Makiyayi. Jiki yana da kai, Kolosiyawa 1:18 kuwa ta faɗi ko wane ne kan. Gini yana da dutsen kusurwa, amarya tana da ango, rassa suna da itacen da suke manne a jikinsa. Ko'ina ka duba Almasihu ne a wurin. Abin da ya rage mana shi ne zama tumaki, gaɓoɓi, duwatsu, rassa. Yawancin rigingimun da ke cinye ikilisiyoyinmu, in ka tona, za ka tarar wani ne yake ƙoƙarin hawa wurin da ba a bar wa kowa ba.

Misalin garke shi ne ya fi shan wahala a hannunmu. A Yahaya sura 21, a bakin tekun Tibariya, sau uku Yesu ya ɗora wa Bitrus aikin kiwo, kuma duk sau ukun "nawa" ya ce da tumakin, bai taɓa cewa "naka" ba. Bitrus bai manta ba. Da ya zo rubuta wa dattawan ikilisiya a wasiƙarsa ta fari, sura 5, garken Allah ya kira shi, ya ce su yi kiwonsa ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna iko a kan waɗanda aka danƙa musu ba, domin akwai Babban Makiyayi da zai bayyana. Bulus ma da yake bankwana da dattawan Afisa a Militas, abin da ya tuna musu ke nan: ikilisiyar nan da jini aka saye ta, kuma ba jininsu ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar kiwo ya san bambancin mai dabba da wanda aka ba shi kiwon dabbar wani. Na biyun zai dawo ya ba da lissafi.

To yanzu saurari yadda muke magana. Mai bi ya tashi daga wannan majami'a ya koma waccan, sai ka ji fastoci biyu sun daina gaisawa, ana cewa an yi "satar tumaki." Wa aka yi wa satar? In tunkiyar tana nan cikin garken Almasihu, ba abin da ya ɓata sai suna ɗaya a rajista da ambulan ɗaya na zakka. Akwai wuraren da ake tsorata mutane cewa duk wanda ya fita daga ƙarƙashin "mutumin Allah" albarka ta bar shi. Akwai inda ake auna nasarar fasto da yawan baikon da ya aika hedkwata, ba a tambayar marasa lafiya nawa ya ziyarta, ko 'yan ja da baya nawa ya bi har gida. Annabi Ezekiyel, yana cikin bauta a Babila, ya riga ya zana wannan hoton a sura 34: makiyayan da ke kiwon kansu, suna cin kitse, suna sa tufafin ulu, amma ba su ƙarfafa raunana ba, ba su ɗaure wa mai karaya ba, ba su nemo wadda ta ɓata ba. Hukuncin da ya biyo baya ya kamata ya hana kowane shugaba barci: Allah ya ce zai karɓe tumakinsa daga hannunsu, shi da kansa zai neme su.

Ba ina cewa kada a kula da fasto ba. Bulus da kansa ya tambayi Korantiyawa, wa ke kiwon garke bai sha nononsa ba? Na san akwai masu bishara a ƙauyukanmu da albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata, suna noma da rana, suna wa'azi da dare, 'ya'yansu na zaune gida saboda kuɗin makaranta. Waɗannan ikilisiya ce take cin haƙƙinsu, kuma abin kunya ne. Akwai kuma waɗanda suka tsaya da garken har ƙarshe. Rabaran Lawan Andimi, faston EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) kuma shugaban CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, na Michika, 'yan Boko Haram suka kama shi suka kashe shi a watan Janairun 2020, kuma a bidiyon da aka fitar yana hannunsu, maganarsa ta dogara ga Allah ce. Irin waɗannan bayin Allah su ne hujjar cewa abin da Yahaya 10 ta faɗa game da makiyayi da ɗan ƙodago ba labarin dā ba ne. Don darajarsu ma ya kamata mu daina barin masu kiwon aljihu suna fakewa da suna ɗaya da su.

Mu ma da ke zaune a benci muna da namu laifin. Mun mai da zama tunkiya uzurin lalaci. A cikin misalin Yesu tumakin ba wawaye ba ne: sun san muryar makiyayinsu, in baƙo ya kira su gudu suke yi. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 domin ko wa'azin Bulus sai da suka riƙa gwada shi da Nassi kowace rana. Mai bin da ba ya buɗe Littafinsa daga Lahadi zuwa Lahadi, shi ya miƙa wuyansa ga duk wanda ya zo da igiya.

Misalin amarya ba ya buƙatar dogon bayani ga Bahaushe. Yahaya Mai Baftisma, da almajiransa suka zo da ƙorafin cewa jama'a na komawa wurin Yesu, ya ce mai amarya shi ne ango, shi kuwa abokin ango ne, farin cikinsa ya ji muryar angon. Kowa ya san aikin abokin ango a bikinmu: shi ke zirga-zirga, shi ke tarbar baƙi, shi ke shan faɗan dangi, shi ke sayen bakin amarya. Amma in dare ya yi, sallama yake yi ya tafi gidansa. Ranar da ya fara ganin amaryar tasa ce, ya zama maci amana, komai yawan hidimar da ya yi. Iyakar matsayin kowane bishop, kowane rabaran, kowace shugabar zumuntar mata ke nan.

Sai haikali. A nan kuɗi ne yake neman kujerar. Bitrus ya ce mu ne rayayyun duwatsun da ake ginawa, Bulus ya ce wa Korantiyawa ku ne haikalin Allah. Mutanen da aka rubuta wa wannan ba su da majami'a ko ɗaya. A gidaje suke taruwa, gidan Akila da Biriskila, gidan Nimfa, gidan Filimon. Ɗaya daga cikin gine-ginen sujada na Kirista mafi daɗewa da masu haƙar tarihi suka gano, a Dura Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240, kusan shekara ɗari biyu bayan tashin Almasihu. Ba sai mun je Siriya ba ma. Sujadar farko ta abin da ya zama EYN, a ƙarƙashin tsamiya aka yi ta a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923. A watan Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikilisiyar a Kwarhi, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, majami'u masu yawa suka zama toka, masu bi suka warwatsu har cikin Kamaru. Ikilisiyar ba ta mutu ba. An ci gaba da sujada a sansanonin gudun hijira, har a Minawao ta Kamaru. Haka 'yan'uwanmu na Nijar suka yi bayan ƙone-ƙonen Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, suka taru suka yi waƙa a cikin bangon da hayaƙi ya baƙanta.

Ƙona majami'a zalunci ne, kuma wanda ya ga wurin da aka yi masa baftisma ya zama kufai yana da dalilin kuka. Gini kuma yana da amfani, ba mai son yin sujada cikin ruwan sama. Abin da nake ƙi shi ne yadda gini ya zama ma'aunin komai. Ana rushe majami'a mai lafiya don a gina wadda ta fi ta maƙwabta tsayi, shekara da shekaru ana tara kuɗin tayil da gilashi, alhali asusun gwauraye da marayu ba ya iya sayen buhun masara biyu. Kuma duk inda gini ya zama babban buri, wanda ya fi ba da siminti shi ke da murya. A ba shi kujerar gaba, a sa shi cikin dattawa ko da kowa ya san halinsa, in ya yi laifi horo ba ya hawa kansa, amma yarinyar talaka in ta yi ciki a gaban jama'a za a sanar. Yaƙub ya yi maganar wannan ƙarara a sura 2, mai zoben zinariya da aka ce masa zauna nan wuri mai kyau, da matalaucin da aka ce masa tsaya can. Lokacin zaɓe kuwa abin ya fi muni, domin ɗan takara da ya kawo gudummawar rufi yakan tafi da bagade a aljihunsa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƙabila, kuma a kansa ne misalin jiki ya fi yin kaifi. Mun saba jin 1 Korantiyawa 12 a ranar godiya ta ƙungiyoyi, ana cewa mawaƙa baki ne, masu shara hannu ne, kowa da baiwarsa, a tafa a tashi. Bulus bai rubuta surar don biki ba. Ikilisiyar Koranti a tsage take. Wasu na cewa su na Bulus ne, wasu na Afolos, wasu na Kefas. Wajen Jibin Ubangiji masu hali sukan riga su ci su ƙoshi har su bugu, talakawa da bayi su iso su tarar ba komai. Ga waɗannan mutane ya ce ido ba shi da ikon ce wa hannu ba ruwana da kai, ya ce gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su, in gaɓa ɗaya ta sha wuya duka su sha tare. Ya kuma faɗi abin da ya haɗa su tun a aya ta 13: Yahudawa ko Helenawa, bayi ko 'ya'ya, da Ruhu ɗaya aka yi musu baftisma cikin jiki ɗaya.

Tarihinmu ya sa wannan ya yi mana wuya, kuma gara mu faɗi gaskiya. 'Yan mishan sun raba ƙasa tsakaninsu don kada su yi karo. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da ta fara zuwa a 1893 ta kama nata yankin, ta SUM (Sudan United Mission) da ta iso a 1904 ta rarraba wa rassanta nasu, mutanen Denmak suka zauna a Numan cikin Bachama, 'yan Brethren suka shiga ƙasar Bura da Margi, haka sauran. Niyyar ba ta mugunta ba ce, amma sakamakon shi ne ɗarika ta bi layin yare, har ya zama in ka ji sunan cocin mutum kana iya cankar garinsu. Kakanninmu sun hango matsalar. Shi ya sa aka kafa tarayyar da muka sani yau da TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya) a 1955, shi ya sa aka yi HEKAN (Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya) a Kaduna don 'ya'yan ɗariku daban-daban da suka zo birni su yi sujada wuri ɗaya, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 ya ba ƙabilu ɗaruruwa harshe ɗaya na addu'a. Gadon da suka bar mana ke nan. Mu kuwa me muke yi da shi? Zaɓen shugabannin gunduma ya zama lissafin yare. Ana ƙin karɓar fasto don ba "ɗan ƙasa" ba ne. Iyaye masu bi suna hana aure tsakanin 'ya'yan da suka tashi a ƙungiyar mawaƙa ɗaya, saboda ƙauyen kakanni.

Ga kuma Masihiyawa, Hausawa da Fulani masu bin Yesu, daga Wusasa har ƙauyukan Kano, Katsina da Jigawa. Da yawansu suna fama ta fuska biyu: a gida ana ganin sun bar dangi, a majami'a kuma ana yi musu kallon zargi saboda sunansu, ko rigarsu, ko lafazinsu. Muna rera waƙa da harshensu, muna karanta Nassi da harshensu, amma in Bafulatani ya shigo ya zauna a benci sai a fara matsawa. Yesu ya ce yana da waɗansu tumaki da ba na wannan garke ba, dole ya kawo su, su zama garke ɗaya da makiyayi ɗaya. Bai nemi izinin tumakin da suka riga shiga ba.

A haikalin Urushalima akwai wata katanga da ke raba farfajiyar al'ummai da ta Yahudawa, an kafa mata duwatsu masu rubutun gargaɗi cewa duk baƙon da ya ƙetare, alhakin mutuwarsa na wuyansa. An tono ɗaya daga cikin duwatsun a 1871, yana gidan tarihi a Istanbul. Zargin cewa ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa bayan wannan shinge ne ya jawo aka kama Bulus. Saboda haka da wasiƙar Afisawa ta ce Almasihu ya rushe katangar gaba da ta raba, ta ce ku ba baƙi ba ne kuma, iyalin gidan Allah ne, masu sauraro sun san irin katangar da ake nufi. In wannan ta faɗi, da wane ƙarfin hali muke ɗora tubali tsakanin Berom da Ngas, ko Tibi da Jukun, ko Bajju da Bahaushe?

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Afrilun 1994 bishop-bishop na Katolika na Afirka suka taru a Roma, kuma misalin da suka zaɓa ya zama fuskar ikilisiya a nahiyar shi ne iyalin Allah. A cikin wannan watan ne kisan ƙare dangi ya ɓarke a Ruwanda, ƙasar da galibin mutanenta Kirista ne, aka yanka dubban mutane a cikin majami'u kamar Nyamata da Ntarama, sau da yawa masu kisan da waɗanda aka kashe baftismarsu ɗaya. Misali mai kyau a takarda bai ceci kowa ba, domin a zukatan mutane ƙabila ce ta riga ta zauna a kujerar kai.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba na raina shi. Za su ce, malam, ana kashe mu, ana sace 'ya'yanmu, daga Chibok a 2014 zuwa yau ba mu huta ba, yanzu lokacin zama runduna ne, kowa ya riƙe nasa, a bar shugabanni su yi ƙarfi. Zafin gaskiya ne, kuma neman adalci da kāre rai haƙƙi ne da ba wanda zai hana mu. Amma ko maganar makamai da ke Afisawa 6 ta fara ne da cewa famarmu ba da nama da jini ba ce, kuma kayan yaƙin da aka lissafa gaskiya ne, adalci, bisharar salama, bangaskiya, Maganar Allah. Ba a ba mu wannan sura don mu mai da maƙwabcinmu Musulmi abokin gaba ba. Sannan tsanani shi ne ya fi buƙatar jiki ɗaya. In da gaske mun gaskata cewa gaɓa ɗaya in ta ji ciwo duka sun ji, da babbar majami'a a Abuja ko Jos ba za ta sayi sabbin na'urorin sauti ba tana sane da cewa 'yan'uwanta daga Gwoza sun shekara goma a tanti. Ikilisiyoyin Makidoniya, cikin tsananin talaucinsu, sun roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar matalautan Urushalima, mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba su kuma taɓa ganinsu ba.

Abin da nake roƙon dattawanmu ba sabon abu ba ne, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 6. Rikicin farko da ya taso a ikilisiyar Urushalima na yare ne da abinci: masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon yau da kullum. Manzannin ba su ce a yi shiru don kada a ɓata sunan ikilisiya ba, ba su kuma ce masu ƙorafin ba su da ruhaniya ba. Suka tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu rabon. Dubi sunayen waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Duka sunayen Helenanci ne, na ƙarshen ma ba haifaffen Bayahude ba ne. Alama ke nan cewa ɓangaren da aka yi wa rashin adalci shi aka miƙa wa makullin rumbu.

Kowace majalisar ikilisiya tana iya yin irin wannan a zamanta na gaba. A karanta kasafin kuɗi a gaban jama'a, a ga nawa ya tafi gini, nawa ya tafi wurin gwauraye da 'yan gudun hijira da mai bisharar ƙauye. A duba jerin dattawa, in duk yare ɗaya ne alhali benci cike yake da yaruka biyar, a gyara, a kuma fara da ba 'yan tsirarun riƙon asusu. In mai bi ya nemi komawa wata ɗarika, a rubuta masa takardar shaida, a yi masa addu'a, fasto ya kira ɗan'uwansa fasto ya ce ga wane nan tafe, a kula da shi.